Hannun Inna na Dama

Na daɗe ina cewa zan rubuta abin da ya sami mahaifiyarmu ina fasawa, don duk ta inda na ɗauko labarin sai in tarar da kaina a layin masu laifi. Makon jiya wata abokiyar aikina a firamaren da nake koyarwa a Birnin Kudu ta ce mini ɓarin jikin surukarta ya shanye, an sallamo su daga asibiti, sun kai ta gida ta kwanta ta huta. Ina jin kalmar hutun nan na tuna Inna. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko Allah zai sa wani ya karanta kafin ya yi irin wautar da muka yi.

Sunana Uwani, ni ce babba a ɗakinmu. Daga ni sai ƙanena Nasiru, yana sayar da kayan wuta na gwanjo a Kano. Gidanmu a Gwaram yake. Babanmu, Malam Sule, ya rasu da kaka ana tsakiyar yankan gero, bayan jinyar kwana biyu kacal. Inna kuwa ranar sadakar uku ta faɗi.

Ta daɗe da hawan jini. Kullum da safe akwai ƙwayar da take sha, kuma Baba ne mai tuna mata, har tsokanarta yake wai ya zama agogonta. Da ya rasu babu wanda ya tuna. Ni da nake taƙama da boko ina can ina fama da tukwane da tabarmin masu gaisuwa, ko sau ɗaya ban ce, Inna kin sha maganinki ba?

Da hantsi ta ɗauki moɗa za ta sha ruwa, moɗar ta suɓuce. Ta sake ɗauka, ta sake suɓucewa. Na dube ta na ga bakinta ya karkace, tana son yin magana harshe ya ƙi. Ɗakin cike yake da mata, nan take kowacce ta zama likita. Wata ta ce baƙin ciki ne, a bar ta ta kwanta. Wata ta ce iska ce, ai mai takaba jikinta a buɗe yake. Aka turara mata hayaƙi, aka ɗura mata rubutu yana zuba ta gefen baki. A haka muka kai la'asar. Sai da Nasiru ya shigo daga zaure ya gan ta, bai tsaya jin ta bakin kowa ba ya fita neman mota.

A asibiti a Birnin Kudu mun yi layin kati, mun yi layin gwaji, mun yi jiran gado. Likitan da ya duba ta ya tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Na ce tun hantsi. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ci gaba da rubutu. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana goma sha biyu muka yi a can, geron da Baba bai ga shigarsa rumbu ba rabinsa a nan ya tafi.

A nan ya kamata in gabatar da Gwaggo Delu, yayar Baba, wadda ke zaune a Zandam. Rasuwa ce ta kawo ta, jinya ta riƙe ta. Duk abin da zan faɗa a kanta nan gaba, a fara riƙe wannan: ita ce ta yi wa Inna abin da ni 'yar cikinta na riƙa kawar da kai in na zo yi. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke kwashe abin da ya fito ba ta ko yatsina fuska. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, amma a tabarma ta zauna gindin gadon nan har aka sallame mu. Ni kuma Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarsu na ci.

A mako na biyu ƙafar da ta shanye ta fara motsi, magana ma ta fara dawowa, da nauyi, kalma ɗai-ɗai. Hannun dama ne ya kwanta kamar ba a jikinta yake ba. Wata safiya na dama kunu na sa mata cokali a hannun hagu, na ce ta gwada. Ta dubi cokalin, ta dube ni, ta sake shi ya faɗi a zane.

"Ba da hagu ba," ta ce.

Na ce, "Inna, larura ce, babu laifi."

Ta girgiza kai. Ta daɗe tana haɗa maganar kafin ta fito. "Ni dai in ci tuwo da hannuna. Shi ke nan."

Tun daga ranar na san abin da muke nema. Ba gona za ta koma ba, ba daka za ta yi ba. Mace ce da ta haura sittin ba ta taɓa kai loma baki da hagu ba, so take ta ci abinci da damarta.

A sashen gashi, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, muka haɗu da Sista Rahila. Kirista ce, ba 'yar nan ba, amma Hausarta ta fi ta wasunmu tsafta. Ta kama yatsun Inna tana lanƙwasawa tana miƙarwa, ta ce akwai rai a ciki. Sannan ta faɗi maganar da har yau take mini yawo a ka.

"Watannin farkon nan su ne daminar hannun nan. Abin da ba a shuka yanzu ba, da wuya ya fito daga baya. Kullum sai ya yi aiki, ko yana so ko ba ya so."

Ta ce mu riƙa zuwa sau biyu a mako. Na ce daga Gwaram muke, ga shi kuma takaba take yi. Ta ba mu takarda mai zanen yadda za a riƙa ɗaga hannu da juya shi, ta ce matsalar takarda ita ce tsofaffi gundura suke yi da ita. In da hali, a samo irin wasan nan na talabijin da mutum ke motsa jiki na'ura tana ƙirga masa, don ta ga waɗanda ya taimaka wa. Nasiru ya ce ai kuwa akwai guda a shagonsa, ta fi shekara tana shan ƙura babu mai taya ta.

Muka koma Gwaram, don Gwaggo ta ce takaba a ɗakin miji ake yin ta, kuma gaskiyarta ne. Na ɗauki hutu a makaranta. Maganar Sista ta tabbata tun a kwana uku. In na ɗauko takardar nan Inna sai ta runtse ido kamar mai barci. In na matsa na ɗaga hannun sau biyar sai hawaye, ni ma sai in karaya in bari.

Ranar Asabar Nasiru ya iso da na'urar. 'Yar baƙar akwati ce da ake jonawa da talabijin, da wani ido da ake ɗorawa a sama yana kallon mutum. Da ma Baba ya sa 'yar sola saboda labarai, da rana tana ɗaukar talabijin lafiya lau. Wasanni da yawa ne a ciki, har da na tuƙa kwalekwale da na dambe, amma Nasiru ya zaɓi wani mai bishiya. Wata mata ce a tsaye a gindin bishiya da kwando. In ka ɗaga hannu ta ɗaga nata, in ka kai ga 'ya'yan itacen sai su faɗa kwando, na'ura ta yi tafi ta rubuta lamba a gefe. Ban san ko 'ya'yan mene ne ba, Inna dai mangwaro ta kira su, mu ma muka bi ta.

Da farko kawar da kai ta yi ta ce wasan yara. Nasiru ya zauna kusa da ita yana tsinka yana cika baki, wai duk Gwaram babu mai kamo shi. Ya san uwarsa. Inna ko a wasan dara da Baba ba ta yarda a ci ta. Can sai ga hannun hagu ya miƙe, mangwaro ya faɗa kwando.

"A'a, Inna," in ji Nasiru, "hagu ba ta cikin gasar nan." Ya kama hannun ya cusa mata shi ƙarƙashin cinya.

Ranar ko ɗaya ba ta samu ba. Washegari ma haka, sai gumi. A rana ta huɗu kafaɗar ta ɗaga, gwiwar hannun ta biyo ta kaɗan, guda ɗaya ya faɗo. Na'ura ta yi tafi. Inna ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Sake."

Wadda take kukan ɗagawa biyar, sai ga ta tana yin rabin awa ba ta san ta yi ba. Ƙarshen makon tana samun uku. Mako na gaba ta kai goma sha ɗaya, har ta fara faɗa da matar cikin talabijin wai ragguwa ce, ba ta miƙa hannu sosai. A mako na uku na kawo mata fate, na sa cokali a hannun dama na naɗe yatsunta a kai. Ya tashi yana rawa, rabi ya zube a ƙirjinta, rabi ya isa baki. Cokali uku ta yi. Na fita bayan ɗaki na yi kukana na dawo.

Duk wannan Gwaggo tana gani daga bakin ƙofa, ba ta shiga. Abin da kawai take cewa shi ne a rage ƙarar nan. Ita a saninta mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta sauri, ba ta dariya haƙora a waje, ba ta duba madubi. Rannan na ji tana faɗa wa maƙwabciyarmu cewa abin nan ai madubi ne, tunda duk abin da Hajara ta yi shi yake nunawa. Hajara sunan Inna ke nan. Na ji, na taɓe baki na wuce. Laifina na farko ke nan, raini. Ban taɓa zama na ce, Gwaggo zo ki ga cokalin nan, ga abin da ya kawo shi ba. Na ɗauka tsohuwar ƙauye ce ba za ta gane ba, sai na riƙa sakaya ƙofa muna yi kamar masu sata.

Ana jibi sadakar arba'in, dangin Baba na Kwandiko suka iso tun kafin ranar da muke zato. Ina madafi, Gwaggo ta leƙa maƙwabta aron turmi. Inna ita kaɗai ce a ɗaki, kuma ranar ce ta fara cika mangwaro ashirin. Ashe in an cika ashirin wani kiɗa na'urar take saki na murna, da tafi da shewa. Mata shida suka yi sallama ba a ji ba, suka ɗaga labule. Abin da suka tarar shi ne matar mamaci da hannu a sama, ɗankwali ya zame, tana dariya har da ƙyaƙyatawa, kiɗa na tashi. Dariyarta ta farko ke nan tun ranar da aka fita da Baba.

Na iso da gudu na fizge waya daga bango. Babbar cikinsu ta gyara mayafi ta ce, "Ashe mun zo a kan gaɓa. Biki ake."

Suka yi gaisuwa a tsaitsaye kamar masu biyan tara. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, kuma ta yi 'ya'ya a hanya. Wai matar Malam Sule rawa take tiƙa a gaban talabijin. Wai da ma ciwon na ƙarya ne. Wai 'yarta 'yar boko ce ta kawo mata makaɗa a akwati.

Na shirya wa faɗan Gwaggo, na tanadi amsoshi. Ba ta yi faɗa ba. Ta same ni a gindin rumbu ta zauna a ƙasa, sai na ga hawaye na bin fuskarta.

"Uwata, ƙanena ne a ƙasa. Ni na goye shi. Ko ciyawa ba ta fito a kabarinsa ba."

Na ce, "Gwaggo, wallahi magani ne. A asibiti aka ce a yi."

"Ban ƙaryata ki ba. Amma jibi duk dangi za su cika gidan nan, da wane ido zan dube su? Wata uku ne fa kawai ya rage. Hannu ba ya gudu, yana nan a jikinta. Ranar da ta fita, ni da kaina zan ɗauko mata abin nan ta yi ta yi har ta gaji."

Na ce to bari in ji ta bakin Inna, don na tabbata ba za ta yarda a raba ta da mangwaronta ba. Na tarar ta juya fuska bango. Ko da na yi magana ba ta juyo ba.

"Ɗauke shi," ta ce. "Kada a ce ban damu da shi ba."

Shekara arba'in da wani abu suka yi tare. Na naɗe wayoyin, na sa na'urar a cikin adakar Baba, na rufe. Da na gaya wa Nasiru a waya kamar zai fito ta ciki ya shaƙe ni. Na ce masa kai kana Kano, ni nake jin bakin mutane. Na kuma yi masa alkawarin za mu ci gaba da takarda, alkawarin da tun ina yin sa na san ba zai cika ba.

Bayan arba'in hutuna ya ƙare, na koma Birnin Kudu, sai ranar Juma'a in zo in koma Lahadi. Jinya ta koma hannun Gwaggo gaba ɗaya, ta kuwa yi ta da zuciya ɗaya. Ta yi ta har ta wuce misali. Ita ke ba Inna abinci a baki, ita ke ɗaura mata zane, ita ke yi mata alwala. Ko ƙuda ne ya sauka a fuskar Inna, hannun Gwaggo ya riga kowa. Hannun daman kuwa kullum sai ta shafe shi da man kaɗanya, ta naɗe shi da tsumma saboda sanyi, ta kwantar mata da shi a kan ƙirji. Ina zuwa in ga Inna fes, ɗaki na ƙamshi, in yi godiya. Ban lura babu sauran abin da aka bar wa hannun nan ya yi ba.

Wata na biyu yana ƙarewa ta fara kukan kafaɗa, ko riga za a sa mata sai ta ciji leɓe. Dangi suka sake buɗe asibitinsu. Wani kawunmu ya turo wanzami ya yi mata ƙaho. Wata ta kawo saiwa daga Sundimina wai a jiƙa a sha a shafa. Aka kawo wani mai ɗori ya ce jijiya ce ta hau kan jijiya, ya taka kafaɗar ya ja, Inna ta yi ƙarar da ban taɓa jin ta yi ba. Duk waɗannan babu wanda ya ce sun saɓa wa takaba. Da na ce a kai ta gashi Birnin Kudu sai aka ce mai takaba ba ta yawo, ai an riga an sallamo ta.

A wata na uku yatsun suka fara lanƙwashewa ciki. Da farko in na miƙar da su suna miƙewa, in na saki su koma. Daga baya sai da ƙarfi. Daga baya farce ya fara shiga tafin hannun, wurin ya riƙa yin wani wari komai wankin da Gwaggo ta yi. Ina gani da idona, ina ce wa raina saura mako biyar, saura mako huɗu.

Wata ranar kasuwa na yi kiciɓis da Sista Rahila wajen masu kayan miya. Ta gane ni, ta ce ina Mama, shiru ba ku dawo ba. Na ce da sauƙi. Ta ce mangwaro nawa take tsinka yanzu? Nasiru ya taɓa aika mata da hoton Inna tana wasan. Nan ƙaryar ta ƙare mini, na gaya mata komai a tsaye. Ta ce, "Malama, ni ba addinina ba ne, ba zan yi karambani ba. Amma kuna da malamai. Kin tambaya kuwa?"

Ban tambaya ba. Limamin unguwarmu gida uku ne tsakaninmu, tare da Baba suka yi karatun allo. Ni da nake gaya wa yara kullum matambayi ba ya ɓata, wata uku ina wuce ƙofar gidansa. Ko bayan maganar Sista sai da na ƙara ɓata kwanaki, don tsoron amsar nake ji. Ranar da na je na durƙusa a zaurensa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Uwani, takaba ado ta hana, da maganar aure, da barin gidan miji ba tare da larura ba. A ina kuka ji ta hana magani? Zancen madubi kuma na mata ne, ba na littafi ba. In kiɗan ne damuwa, ba a kashe shi ne?"

Na ce ana kashewa.

"To me ya hana ki zo tun ranar?"

Na yi godiya na taso. Na zo na gaya wa Gwaggo abin da liman ya ce. Ta ce ba ta musa wa malam ba, amma kwana tara ya rage, a bari a ƙarasa lafiya kada a ce an yi ba a yi ba. Ku ji fa, na sake yarda.

Ranar fita takaba gida ya cika. Aka yi wa Inna wanka da kitso, ta sa sabuwar atamfar da Nasiru ya kawo. Gwaggo kuwa ta cika alkawarinta. A gaban kowa, har da matan Kwandiko, ta buɗe adakar Baba ta ɗauko na'urar, ta goge ta da gefen mayafinta, ta miƙa wa Nasiru.

"Jona mata. Yau kam ta yi wasanta, in ga mai magana."

Bishiya ta fito, matar nan ta fito da kwandonta. Na ga fuskar Inna ta saki. Da kanta ta cusa hagu ƙarƙashin cinya, ta ja numfashi, ta yunƙura. Kafaɗa ta ɗaga har kusa da kunne, hannun bai bar ƙirji ba. Matar cikin talabijin ta tsaya a karkace da hannu a manne. Lokaci ya ƙare, lamba ba ta motsa ba. Inna ta ce a sake. Aka sake. A karo na uku jijiyar wuyanta duk ta fito, gumi ya jiƙa sabuwar rigar, sai Nasiru ya miƙa hannu ya kashe ya fice daga ɗakin.

Gwaggo ta ce gajiya ce, gobe za ta yi. Ta jawo ƙwaryar lalle, don al'ada ce a sa wa wadda ta fita. Ta sa a ƙafafu, ta sa a hannun hagu. Ta kamo na dama ta ɗora a cinyarta, ta fara ɓamɓare yatsun don ta sami tafin. Ta buɗe ɗaya, kafin ta kama na biyu ya koma. Ta sa hannu biyu. Inna ta yi ƙara. Gwaggo ta tsaya tana kallon dunƙulen hannun nan da ta yi wata uku tana shafa wa mai.

Inna ce ta yi magana. "Yaya, bar shi. Shi bai fita ba tukuna."

Gwaggo ta kifa fuska a kan hannun ta fashe da kuka, har lallen ya bushe a ƙwarya.

Washegari muka kai ta wajen Sista Rahila. Ba ta yi mana gori ba, Allah ya saka mata. Ta duba ta ce za a yi ƙoƙari, amma kada mu sa rai da irin na da. An yi ƙoƙarin. Wata da watanni muna hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu, an yi gashi, an ɗaura mata wani abin roba mai miƙar da yatsu, an koma kan na'ura. Ciwon kafaɗar ya ragu, ana iya buɗe tafin a wanke, mangwaro kuma ta taɓa kai huɗu. Cokali dai bai sake tsayawa a hannun ba. Likitoci sun ce ko da ba a tsaya ba, babu mai ba da tabbacin yadda zai kasance. Na ji, amma ni na ga cokali uku da idona.

Yau shekara biyu ke nan. Gwaggo ba ta koma Zandam ba. Kullum da hantsi ita ke kunna talabijin, ta koyi inda ake dannawa, ta zauna gefen Inna ta tallabi gwiwar hannun tana ɗagawa. Na'ura ba ta san hannun wa ya yi aikin ba, tafi kawai take yi. Ba na iya yi wa Gwaggo kallon mai laifi, kuma ba na iya mantawa. Allah ya saka mata da alheri a kan jinyar da ta yi, ya yafe mana gaba ɗaya.

Wanda duk wannan ciwo ya shigo gidansa, ga abin da na saya da tsada ina ba shi kyauta. A tafi asibiti a lokacin, kada a jira la'asar. In an dawo gida kada a kwantar da mutum a yi ta yi masa komai da sunan tausayi. Duk abin da zai sa ya motsa, ko wasan yara ne, a bar shi ya yi. In kuma aka ce muku addini ya hana, ku taka ku tambayi wanda ya sani tun ranar, masu surutu ba za su zo su ba shi abinci a baki ba.

Inna da hagu take cin tuwo yanzu, ta gaji da a ba ta. Liman ya aiko mata har sau biyu cewa babu komai a kanta. Duk da haka kullum in ta yanko loma, kafin ta kai baki sai ta tsaya ta ce astagfirullah a hankali. In ina wurin nakan ajiye tawa lomar, don na san a cikinmu wadda ya kamata ta faɗa.